Ƙashin da na ƙi ɗaurewa

Aikin farko da mahaifina ya yarda na sa wa hannu ba ƙafar mutum ba ce, tsohuwar ƙwarya ce. Ya fasa ta da dutse, ya zuba gutsattsarin a buhun dusa, ya ɗaure bakin buhun, ya bar kafar da hannu biyu za su shiga. Ya ce, "Haladu, haɗa mini ita, kada ka leƙa." Na yi ta lalube har damina ta wuce. Duk sanda na ce na gama, sai ya sa hannu ya taɓa, ya ce akwai bakin da ya hau kan ɗan'uwansa, na sake. Ran da ya taɓa ya yi shiru, ran nan ya fara tafiya da ni wajen masu karaya, ina riƙe masa kara.

Ku da kuke zuwa zaurena a Kiru kuna cewa in koya muku ɗori kafin salla, ga abin da kuke gani: an ja ƙafa, an jera kara, an naɗe da ƙyalle, an yi tofi, mutum ya warke. Kuna cewa wannan ai ko a waya ana koyonsa. Karan kansa ba kowanne ba ne. Na dawa ake so, wanda ya bushe a tsaye, ba wanda ya kwanta a ƙasa gara ta lasa ba. A tsaga shi, a kankare kaifin, a saƙa shi da igiyar rama kamar ƙaramin asabari, a yanka daidai tsawon gaɓar. A ƙarƙashinsa auduga ce, sannan farin ƙyalle wankakke. Man shanu na shafawa ne a inda fata ba ta fashe ba. Yanzu an samu bandeji, ina amfani da shi, amma yana da wani hali: yana ba da kai a hannu, sai ya shaƙe gaɓa bayan ka tafi. Ilimina na boko firamare ne, iyakata in karanta sunan magani a kwali. Sauran duk a yatsu yake.

Ranar kasuwa mahaifina kan kai ni rumfar mahauta, ya sa a fasa mana ƙashin cinya. Na maraƙi, ɓargonsa ja ne kamar hanta. Na tsohon sa kuwa kitse ne, rawaya-rawaya. Ya ce, "Ƙashi gida ne, akwai mai gida a ciki. Mu bango muke gyarawa. In mai gidan ne ba lafiya, ɗaure bango ba ya amfani." Ya kuma kafa mini doka: abin da na gani ko na ji a gidan majinyaci, in bar shi a bakin ƙofa. Mai ɗori yana shiga har uwar ɗaka, yana ganin tabarmar da ba a shimfiɗa wa baƙo. In bakinsa ya yi sako-sako, ba wanda zai sake ɗaga masa labule.

Wani mai tumatir daga garin Ƙofa, acaɓa ya zubar da shi da kwandunansa, ƙwaurinsa ya karye biyu. Na ɗora, na ɗaure, na danna farcen babban yatsa na ga jini ya komo, na yi sallama. Ban kai bakin titi ba na juya keke, don na kasa tuna ko na duba ƙaramin yatsa. Na duba, lafiya. Da la'asar na sake komawa, sai na tarar ƙafar ta kumbura, ɗaurin ya fara cizo, na sassauta. Mutumin ya ce, "Malam Haladu, ko dai a shimfiɗa maka tabarma ne a nan?" Tun daga nan ake ce mini Mai-Komowa. Sunan tsiya ne, amma ban taɓa ɗaure ƙafar da daga baya aka yanke ba.

Aikin da nake so ku ji shi ne na Sambo. Makiyayi ne, yana noma kuma, rugarsu tana bayan Badafi. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, wanda da rani yake bin shanu har dajin Doguwa da ƙafa. Surukinsa Ardo Ja'e, uban matarsa, shi ya zo kirana da kaka, ya ajiye goro a gabana. A gidanmu al'ada ce: in mai ɗori ya karɓi goro, ya ɗauki aikin. In ya mayar, mutane suna ɗauka ya yanke ƙauna ne. Ardo ya kira ni da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, tashi ka zo da karanka. Bijimi ya ture yaron nan, bayansa ya goce."

Na tarar da Sambo kwance a bukka. Na sa shi ya yi rub da ciki, na bi ƙashin bayansa gaɓa-gaɓa tun daga wuya. Babu inda ya hau, babu inda ya faɗa, babu ƙara. Amma a ƙasa, wajen ƙugu, da na ƙwanƙwasa da yatsa sai ya ciji tabarma. Jikinsa da ɗumi, rigarsa sharkaf da gumi alhali ana sanyi. Na tambaye shi ko yana jin zafi. Ardo na tsaye a bakin bukka, don haka ya ce, "Jam, lafiya lau." Bafulatani ba ya kuka a gaban surukinsa ko da wuta ce a jikinsa.

Sai da Ardo ya tafi salla bakin Sambo ya buɗe. Ciwon ya riga turewar bijimin da daɗewa. Zazzaɓi yana zuwa masa da yamma ya tafi, ya ɗauke kwanaki, ya dawo. Sannan ya ce, "Baba Haladu, tunda ka zo, ka duba mini wata saniya, gwiwarta ta kumbura." Na je na taɓa. Ruwa ne a ciki kamar salka, ba karaya ba. Da na dawo ya sassauta murya ya ce shanun suna ta ɓari bana, shi yake janye 'ya'yan da hannunsa ya binne kafin kowa ya gani. Ciwon da suke kira bakkale yake tsoro. Mafi yawan shanun na Ardo ne, amana aka ba shi. "Kada ya ji. Zai ce garkensa ya lalace a hannuna." Na ce ba zai ji a bakina ba. A lokacin ban ga abin da ya haɗa ɓarin saniya da bayan mutum ba.

Na sake bin ƙashin nan tun daga sama, don kada a ce ban duba ba. Na fito na samu Ardo, na miƙa masa goronsa.

Ya dubi goron, bai karɓa ba. "Mutuwa zai yi?"

Na ce, "Ban ce ba, Ardo. Bangon lafiya yake. Abin yana ciki, inda hannuna ba ya kaiwa. A kai shi asibiti."

"Ubanka bai taɓa mayar mana da goro ba."

"Da ya taɓa wannan bayan, da ya mayar."

Na ajiye goron a kan turmi na hau keke.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Suka kai Sambo wajen wani sabon mai ɗori a bakin babban titi, mai allo da hoton ƙwarangwal. Shi bai mayar da goro ba. Ya sa ƙarti suka ja shi ta kai da ƙafa, ya naɗe shi da bandeji kamar ƙunshi, ya ce ƙashi ya koma. Labari ya bazu daga Badafi har Bebeji cewa Haladu ya tsufa, tsoro ya kama hannunsa. Zaurena ya zama wurin kwanan kaji. Karan da na tara ya yi ta cin ƙura, har uwargida ta fara zarar sa tana hura wuta. A majalisa in na zo sai wani ya ce, "A ba Likita wuri, yanzu zai tura mu Kano." Wani ya ce, "Kada ka yi atishawa a gabansa, zai mayar maka da goro." Na koma gonar albasa. Ko a can ina zuwa in komo, in duba ko na toshe bakin kwami.

Da damina ta kankama, sai ga Ardo a ƙofar gidana. Bai zo da goro ba. Ya zauna ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi ruwa. Daga ƙarshe ya ce Sambo ba ya iya miƙewa sai an riƙe shi, ƙafar hagu ta fara yi masa nauyi. Sun kai shi asibitin gwamnati, an yi eksire, ba a ga karaya ba, an ce su tafi Kano a sa shi a wata na'ura mai ganin cikin ƙashi. "Ya ce ba za shi ba sai da kai. Ya ce kai kaɗai ka faɗa masa gaskiya."

Muka shimfiɗa katifa a bayan mota. Ardo a gaba, ni da Sambo a baya. Na tallafe ƙugunsa da matashi biyu, ina roƙon direba a kan kowane rami, har ya ce, "Baba, ƙwai muka ɗauko ne?" A hanya aka sayi gurasa, Sambo ya ƙi ci. Ba ciwo ne ya hana shi ba, surukinsa ne a gaba.

Na'urar, em-ar-ai suke ce mata. Kafin a shiga ɗakin, ma'aikacin ya ce mayen ƙarfe ne a cikinta mai ƙarfin gaske, ko allura ba ta shiga. Aka cire wa Sambo zobe, aka cire 'yar wuƙar da ke ɗamararsa, aka zo kan laya. Sambo ya ce wannan ta kakansa ce, ba ta taɓa barin jikinsa ba. Ma'aikacin ya ce bai san abin da aka ɗinke a ciki ba. Na ce, "Kawo in riƙe maka, ina nan a bakin ƙofa, ba zan ajiye ta ƙasa ba." Ya ba ni. Na kuma ce wa ma'aikacin a sake laluba shi, aka samu tsinken cire ƙaya a aljihun ciki. Ta gilashi na ga an tura shi cikin wani farin rami kamar bakin rumbu. Ƙarar kuwa, kamar ana niƙa da sussuka a ɗaki ɗaya. Mutumin da ke kwana a tsakiyar bijimai, da aka fito da shi cewa ya yi, "Baba, na ɗauka an fara yi mini tambayar kabari."

Likitar da ta zauna da mu mace ce, ba ta kai 'yata ta fari a shekaru ba. An kwantar da Sambo a gadon gefe. Ta juyo mana da fuskar kwamfuta, sai ga ƙashin baya a jere kamar an tsaga rake. Duk shekarun da na yi ina taɓa wannan ƙashi, ban taɓa ganin cikinsa a jikin mai rai ba.

Ta ce, "Eksire bango yake nunawa. Wannan kuwa kitse da ruwa take bambantawa, shi ya sa take ganin ɓargo. Ɓargon yaro ja ne, yana girma yana komawa kitse."

Na ce, "Kamar na maraƙi da na sa."

Ta yi murmushi. "Haka ne, Baba. To dubi nan. A wannan hoton kitse ne ke haske, ka ga gaɓoɓin sama duk sun yi fari-fari. Waɗannan biyun na ƙasa sun yi duhu. A ɗaya hoton kuma, inda ruwa ke haske, su ne suka yi fari, har da faifan da ke tsakaninsu. Wato wani abu ya shiga inda kitse yake."

Daidai wurin da na ƙwanƙwasa ne a bukka. Ardo ya matso da kujera. "Mene ne ya shiga?"

Ta ce hoton hayaƙi yake nunawa, ba ya faɗin abin da ke ci. Ɓargo yana sauya kama saboda abubuwa da yawa. In ƙashi ya bugu, ko bai tsage ba, cikinsa yakan tara ruwa kamar yadda tsoka ke kumbura, ya baje da kansa. Tsufa da ɗaukar kaya suna cinye bakin gaɓoɓi, ɓargon wurin ya sauya. Mai sikila, jini yakan toshe a cikin ƙashi, wani yanki ya mutu. Wanda ya daɗe da ƙarancin jini kuwa, ɓargonsa yakan koma ja irin na yaro don ya ƙara aiki, wannan ba ciwo ba ne, jiki ne ke neman mafita. Na ce mata ashe da yawan masu cewa ƙashinsu na ciwo bayan faɗuwa, in taɓa in ji ba karaya, gaskiyarsu ce. Ta ce gaskiyarsu ce.

"Sai manyan biyu," in ji ta. "Akwai ciwon daji, wanda ya tsiro a ɓargon ko ya taso daga wani wuri. Akwai kuma ƙwayar cuta da ta bi jini ta zauna a ƙashi."

Ardo ya sunkuyar da kai da ya ji an ambaci daji. Ta ce ya kwantar da hankali, daji ba kasafai yake cin faifan tsakani ba, wannan ya fi kama da ƙwayar cuta. Amma wacce? Ta tarin fuka tana yin haka, wasu ma suna yi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. In aka yi kuskure, za a yi wata da watanni ana shan abin da ba shi ba, ƙafar tana ƙara mutuwa. In ba a samu bakin zaren ba, sai an soka doguwar allura a ƙashin an ɗebo.

Ta juya ga Sambo. Yana tari? A'a. Wani a gida yana tari? A'a. Yana shan madara ɗanya? Ya ce ai da ita aka yaye shi. Sai ta ce, "Shanunku suna ɓari? Kana taɓa abin da suka zubar da hannu?"

Sambo ya dubi bango. "Shanu lafiya lau suke."

"Ko ɗaya?"

"Jam."

Ta ɗauki biro za ta rubuta. Ni kuwa ga laya a hannuna, ga maganar bukka a cikina. In na faɗa, na karya dokar mahaifina, na kuma tozarta Sambo a gaban surukinsa. In na yi shiru, ga allura, ga ƙafa. Na yi gyaran murya na ce, "Ardo, azahar tana wucewa. Ka je ka yi, ka sayo wa yaron nan fura a bakin ƙofa, tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ni zan bi bayanka."

Ardo ya dube ni ya daɗe. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Kaɗo, yau kai ne mai aiken Ardo." Ya fita, ya ja ƙofa.

Na matsa kusa da gadon. Na ce, "Sambo, ni ba zan faɗa ba, na yi maka alkawari. Amma baiwar Allahn nan ba hira take yi da kai ba. Ka zaɓa, kunya ko ƙafa. In ƙafar ta tafi, wa zai bi masa shanun?"

Ya rufe ido. Can ya fara magana a hankali, ya faɗi ɓarin, ya faɗi binnewar, ya faɗi saniya mai gwiwa. Likita ta ajiye biro ta ce, "Alhamdu lillahi. Da ka faɗa tun ɗazu ai da ka rage mini aiki." Ta ce ciwon shanun nan yana kama mutum ta ɗanyar madara da ta taɓa ɓari, yana kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa, kuma yana son ƙashin ƙugu. Ta sa a ɗebi jini a nemi shi musamman, a kuma duba tarin fuka don kada a yi gaggawa. Na tambaye ta ko jan da aka yi masa ya ƙara ɓarna. Ta ce ƙashin da cuta ta rarake ba a jan sa, Allah ne ya tsare. Na sake tambaya ko za a sake hoton, don a tabbata. Ta ce, "Baba, kai ne mai ɗorin da ya ƙi ɗaurewa, ko? In ka sake samun irinsa, ka turo mini da wuri."

Na samu Ardo a bakin masallaci, furar tana gefensa a leda. Bai tambaye ni abin da aka ce ba. Yana sa takalmi ya ce, "Ya faɗa mata zancen ɓarin?"

Na duƙa ina cire nawa takalmin.

Ya ce, "Kaɗo, shanuna ne fa. Saniya ta yi ciki, cikin ya ɓace, ba maraƙi, ka ce ban gani ba? Tun bara na sani. Na yi shiru ne don kada yaron ya ji kunya. Da na san abin zai shiga ƙashinsa, da na ci mutuncinsa tun ran farko." Ya miƙo mini ledar. "Kai masa. Ni zan zauna a nan har ya gama sha."

Jini ya nuna bakkale ce. Aka haɗa masa magunguna, na sha da na allura, aka ba shi ɗamarar baya ta asibiti, aka ce ko ya ji sauƙi kada ya daina sai an ce ya daina. Nan aikina ya dawo. Na san halin mutanenmu, da zazzaɓi ya sauka sai a jefa kwalin a rufin bukka. Na riƙa hawa keke zuwa rugar ina duba ko ya sha, ina sa shi ya motsa yatsun ƙafa, ina hana a ɗaga shi ta hammata. Wata rana na kai bakin titi na komo, don ban tabbata na ga ya haɗiye ba. Matarsa ta ce, "Baba, ko mu kafa maka bukka?" Ardo da kansa ya kira likitan dabbobi, aka ware shanun da suka kamu, aka kuma daina shan madara a rugar sai an tafasa. Tsofaffin matan sun yi ta mita cewa wuta tana kashe daɗinta.

Ardo bai ba ni haƙuri ba, ba halinsu ba ne. Abin da ya yi, ranar kasuwar shanu ya tsaya a tsakiyar mutane ya ce duk wanda Haladu ya mayar wa goro, ya yi maza ya nemi mota. Kafin kaka zaurena ya cika, har daga Tudun Wada ake kawo mini masu karaya. Na sake tara kara, na kuma ja wa uwargida kunne a kansa. Yanzu in na mayar da goro, ba mai tambayata ko mutuwa za a yi. Tambayar ita ce wane asibiti.

Saboda haka ku da kuke son koyo, buhun dusa yana nan, ƙwarya tana nan. Ɗaurewa za ku iya kafin shekara. Sanin ƙashin da ba a ɗaurewa, da iya tsayawa a kai ana yi maka dariya a majalisa, shi ne ban san yadda ake koyar da shi da sauri ba.

Da rani ya zagayo, wata safiya ina kankare kara a ƙofar gida, sai na ji kukan shanu. Garke ne ya biyo ta bayan gari, za a gangara kudu. A bayansu wani dogo ne, sanda a gicciye a kafaɗa, hannu biyu a rataye a kanta. Ya bar shanun ya nufo ni, ba ɗingishi, ba jan ƙafa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba. Na ce ya juya. Na bi bayan gaɓa-gaɓa, na ƙwanƙwasa wurin nan da ƙarfi. Dariya ya yi.

Matarsa ta sauke ƙwarya cike da madara a gabana. Sambo ya ce, "Baba Haladu, sha da hankali kwance. An tafasa."

Na yi godiya, na raka su har bakin hanya, na tsaya ina kallon tafiyarsa har shanun suka sha kwana. Sannan na ɗauki ƙwaryar na shiga gida, na ce wa uwargida ta ɗora ta a wuta.